Jiki Magayi: Darasin Hawan Tsaunin Galibiye Da Keke

 Yau za mu yi tafiya mai ɗan nisa, zuwa tsaunukan Alps na ƙasar Faransa, inda duk watan Yuli zaratan 'yan tseren keke na gasar Tour de France ke hawan hanyoyin da mota ma sai ta yi nishi kafin ta kai ƙarshensu. Abin da ke faruwa a jikin mai keke a wannan hawa ya bayyana mana amfanin gajiya da ciwo ƙarara, da kuma abin da ke biyo baya idan aka toshe musu baki da ƙwaya. Ƙwayar da nake nufi kuwa ita ce tiramadol, wadda matasanmu ke kira tiramol, kuma tana cikin aljihun mutane da dama a unguwanninmu.

Hanyar Galibiye

Cikin hanyoyin da suka ratsa ta tsakanin waɗannan tsaunuka akwai wadda ake rubutawa Galibier, Faransawa kuma suna furta ta Galibiye. Ƙololuwarta tana kan tsawon mita 2,642 daga matakin teku. Jos da muke kuka da sanyinta mita 1,200 ne da 'yan kai, Chappal Waddi na Jihar Taraba kuwa, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Wato wanda ya kai saman Galibiye da kekensa ya wuce duk wani wuri da ƙafa za ta iya takawa a ƙasar nan. Dusar ƙanƙara na rufe hanyar a yawancin watannin shekara, sai wajejen Yuni zuwa Oktoba ake bin ta. Tun 1911 aka fara sa ta cikin gasar.

Mai hawa daga arewa yana tasowa ne daga garin Saint-Michel-de-Maurienne, mai tsawon kusan mita 700. Zai fara da hawan kilomita 12 zuwa wani tudu da ake kira Télégraphe, ya ɗan gangara kilomita 5 zuwa ƙauyen Valloire, sannan ya shiga hawan gaske na kilomita 18. A duk mita 100 da ya tuƙa, hanyar ta ɗaga shi kusan mita 7, kimanin tsawon bene ɗaya ke nan, kuma kusa da ƙarshe ta fi haka miƙewa. Gwanaye kan gama cikin kamar awa ɗaya da rabi. Mai tuƙa keke don sha'awa, ko da yana da ƙarfinsa, yakan kwashe awa uku ko fiye yana taka feda.

Abin da jiki ke gani a hanya

Na farko shi ne iska. Duk yadda mutum ya ƙara yin sama, iska na ƙara sakewa. A saman Galibiye, iskar oksijin da ake samu a kowane numfashi ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan aka kwatanta da ta Legas. Don haka numfashi ke ƙara sauri, zuciya kuma ta riƙa bugawa sau 160 zuwa 180 a minti guda, tsawon lokaci, domin ta isar da ɗan abin da ya samu zuwa ga tsokar ƙafafu.

Na biyu shi ne ruwa. Mai hawa cikin zafin rana yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a awa, tare da gishirin jiki. Idan ruwa ya ragu, jini na raguwa, zuciya ta ƙara wahala, jiki kuma ya kasa sanyaya kansa.

Na uku shi ne sukari. Jiki na ajiye sukari a hanta da tsoka, amma ajiyar ba ta wuce ta awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai tsanani. Idan ta ƙare, ƙafafu su mutu murus, ido ya fara ganin dishi-dishi, tunani ya rikice. Shi ya sa za ku ga 'yan tsere suna ci suna sha a kan keke tun kafin yunwa ta zo.

Na huɗu shi ne sanyi. A duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan sauka da kusan digiri 6. Mutum ya taso daga kwari cikin gumi, ya isa sama da jiƙaƙƙiyar riga cikin iska mai sanyi, sannan ya fuskanci gangara mai kwana-kwana inda gudun keke ke kaiwa kilomita 80 a awa. A nan yatsun da ke kan birki da idon da ke kan hanya su ne ransa.

Duk wannan lissafin, ƙwaƙwalwa na yin sa ba tare da mutum ya sani ba. Tana karɓar labari daga zuciya da huhu da tsoka da fata, sai ta mayar da amsa ta hanyar raɗaɗin cinya da nauyin ƙafa da haki. Saƙon shi ne a rage gudu, a sha ruwa, a ci wani abu. Jiki magayi, in ji Bahaushe. Gwanin hawa shi ne wanda ya iya sauraron wannan saƙo: ya sassauta feda tun daga tushen dutse, ya riƙe taki ɗaya, ya bar masu gaggawa su wuce shi, don ya san zai tarar da su a gaba.

Ranar 13 ga Yuli

A ranar 13 ga Yulin 1967, gasar ta bi ta wani dutse a kudancin Faransa mai suna Mont Ventoux, wanda samansa farin dutse ne tas babu inuwar itace ko ɗaya. Ana tsananin zafi. Tom Simpson, ɗan Ingila mai shekara 29, wanda ya zama zakaran duniya a 1965, ya shiga tseren ranar yana fama da ciwon ciki. Kusa da ƙololuwa ya fara tangaɗi, ya faɗi, aka mayar da shi kan keke, ya ƙara tafiya kaɗan ya sake faɗuwa. Bai tashi ba. Binciken likitoci ya samu ƙwayar amfetamin da barasa a jikinsa. Jikinsa ya daɗe yana kiran a tsaya, ƙwaya ta hana shi ji, har zafi da ƙishirwa suka fi ƙarfin zuciyarsa.

Shekara 55 cif bayan haka, ranar 13 ga Yulin 2022, gasar ta hau Télégraphe da Galibiye ta ƙare a wani tsauni mai suna Granon. Nairo Quintana na Kolombiya ya zo na biyu a ranar. Daga baya aka samu tiramadol a jinin da aka ɗauka daga jikinsa a wannan rana da kuma ranar 8 ga wata. Ya musanta cewa ya sha, ya kai ƙara kotun wasanni ta duniya, amma kotun ta tabbatar da hukuncin, aka ƙwace matsayi na shida da ya samu a gasar baki ɗaya.

Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta tiramadol a lokacin gasa tun watan Maris na 2019. Hujjarta ita ce maganin na jawo jiri da gyangyaɗi da raguwar hankali a kan hanya, ga kuma kama jiki. Daga 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta faɗaɗa haramcin zuwa dukkan wasanni a lokacin gasa.

Me ƙwayar ke yi?

Tiramadol maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin kodin da mofin. Yana da amfani sosai a hannun likita, ga wanda aka yi wa tiyata ko mai karaya ko mai ciwon daji. Aikinsa shi ne ya rage yadda ƙwaƙwalwa ke jin saƙon ciwo, kuma yana ƙara wasu sinadaran ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya ji wani irin kuzari da nishaɗi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Kent ta Ingila ya nuna cewa ƙwararrun matuƙa keke da aka ba miligiram 100 sun ƙara sauri da kashi 1.3 cikin ɗari, wato ƙasa da minti ɗaya a tseren da ya ɗan haura awa guda. Iyakar ribar ke nan. Maganin bai ƙara musu iska a huhu ba, bai mayar da ruwan da suka zubar ba, bai ƙara sukari a tsoka ba. Ƙarar gargaɗi kawai ya rage. Kamar direba ne ya ga jar fitila ta kama a gabansa tana nuna inji ya yi zafi, sai ya liƙa mata takarda ya ci gaba da taka totur.

Namu hawan

Da yawa daga cikinmu ba za su taɓa ganin Galibiye ba, amma a kowace rana akwai masu yin aikin da ya kai wannan hawa wahala, ba tare da motar likita na biye da su ba. Ɗan dako a kasuwar Mile 12, mai tura baro, ɗan garuwa, lebura mai ɗaukar kwanon kankare zuwa hawa na uku, ɗan acaɓa da ke kan babur tun asuba har dare. Jikinsu na zubar da gumi, sukari na ƙarewa, tsoka na raɗaɗi, daidai da na ɗan tsere. Wani abokin aiki sai ya miƙo ƙwaya ya ce wannan ce maganin gajiya.

Binciken ƙasa da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 ne ke shan irin waɗannan magungunan ciwo ba bisa umarnin likita ba, kuma tiramadol ne kan gaba. Ƙarfin da hukumar NAFDAC ta amince da shi miligiram 50 ne da 100. Wanda ake shigowa da shi ta bayan fage, wanda jami'an NDLEA ke yawan kamawa, yakan kai 200 ko 225 ko 250. Iyakar abin da likita zai ba babban mutum a yini guda miligiram 400 ne, a rarrabe. Wanda ya haɗiye 225 guda biyu da shayin safe ya riga ya wuce iyakar yini tun bai fita daga gida ba.

Illar da muka fi gani ita ce jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yi ba. Ku ƙiyasta ta kama mutum yana kan babur da fasinja, ko yana kan katakon gini. Akwai kuma raguwar numfashi har ya tsaya, musamman idan aka haɗa da barasa ko kodin ko maganin barci. Yana kuma yin mummunan karo da wasu magungunan ciwon damuwa. Sannan jiki na sabawa: ƙwaya ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai uku. Ranar da ba a sha ba kuwa sai ciwon gaɓoɓi da gumi da zawo da rashin barci, mutum ya ɗauka zazzaɓi ne ko gajiyar aiki, ya koma ya sha.

Ko magungunan ciwon jiki da ake ganin ba su da wata matsala, irin su ibufurofen da diklofenak, shan su kullum a kan jikin da ya bushe da gumi na iya taɓa ƙoda, ya kuma ƙwarzane ciki. Mu yi hattara da haɗin ƙwayoyi barkatai da masu talla ke ƙullawa a leda da sunan maganin gajiya.

Abin da iyali za su yi

Mu ɗauki dabarar gwanayen hawa. Mai aikin ƙarfi ya karya kumallo da abinci mai riƙe ciki kafin ya fita, ya riƙe gorar ruwa yana kurɓa a kai a kai, kada ya jira ƙishirwa. A ranar zafi mai tsanani, ruwan gishiri da sukari da muke ba yara masu zawo yana yi wa babba amfani. Fitsari mai duhu alama ce ta ruwa ya yi ƙaranci. Hutun minti goma a inuwa da barcin dare isasshe su ne ke gyara tsokar da ta gaji. Masu ba da aiki su ma su ji tsoron Allah, kada a ɗora wa mutum ɗaya aikin mutum uku.

Iyaye da matan aure, a sa ido. Fankon ƙwaya a aljihu, yawan ƙaiƙayi, gyangyaɗi da rana tsaka, rama, saurin fushi da safe kafin a fita, duk abin lura ne. Idan kun gano, zagi da gori ba sa raba mutum da ƙwaya. Kada kuma a tilasta masa ya daina rana ɗaya idan ya daɗe yana sha, domin ana rage ta ne sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar likita. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Yaba da Maiduguri da Kware suna wannan aiki, NDLEA ma tana da sashen ba da shawara.

Idan wani ya faɗi yana jijjiga, a janye abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa madara ko manja. Idan numfashinsa ya yi ƙasa ko an kasa tashinsa, a garzaya asibiti tare da fankon abin da ya sha.

Ciwon ƙirji, jiri, ko haki da ya wuce misali a lokacin aiki ko motsa jiki, dalili ne na tsayawa nan take a je a ga likita. Wanda ciwon baya ko gwiwa ya hana shi sakat shi ma ya je a duba musabbabin ciwon, domin rufe shi da ƙwaya na ba shi damar ƙara girma a ɓoye.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya sa albarka a neman halalinmu, Ya shirya mana zuriya.