Tsohon Jirgin Koyo Da Ya Zama Na Yaƙi

Jama'a, duk wanda ya zauna Jimeta a shekarar 2014 ba sai an yi masa bayanin rugugin Alpha Jet ba. Yakan tashi daga filin jirgin saman Yola har tagogi su girgiza, ya nufi arewa, a lokacin da Boko Haram suka kama Michika da Mubi, 'yan gudun hijira kuwa suka cika gari. Amma mutane kaɗan ne suka san cewa tun asali jirgin 'yan makaranta ne.

Kamfanin Dassault na Faransa da Dornier na Jamus ta Yamma su ne suka haɗa kai suka ƙera shi, ya fara tashi ran 26 ga Oktoba, 1973. Kujerunsa biyu, ɗalibi a gaba, malami a bayansa yana lura, injinansa ma biyu. To, sai bukatun ƙasashen suka bambanta. Faransawa na son na koyar da matuƙa, suka yi samfurin E mai dunƙulallen hanci. Jamusawa kuwa na son na kai farmaki, suka yi samfurin A mai tsinin hanci. Daga baya aka fito da MS2 mai na'urar saiti ta zamani, wanda Masar da maƙwabtanmu Kamaru suka saya. An daina ƙera shi a 1991.

Nijeriya ta sayi 24, an fara kawo su zamanin Alhaji Shehu Shagari. Koyo aka nufa da su, amma da larura ta zo sai aka rataya musu bama-bamai, suka yi yaƙin Laberiya da Saliyo a rundunar ECOMOG. A ganina wannan abin yabo ne ga makanikanmu, abin kunya kuwa ga masu tsara kasafi, domin har a 2015 tsofaffi muka ƙaro daga Amurka, waɗanda Jamus ta riga ta sallama.

Matuƙan su ne suka biya bashin wannan jinkiri. Ran 12 ga Satumba, 2014, ɗaya ya tashi daga Yola da mutum biyu a ciki, bai komo ba. Matuƙinsa, Wing Commander Chimda Hedima, ya faɗa hannun Boko Haram, suka kashe shi. Allah Ya ba iyalansu haƙuri. Sai a 2021 jiragen Super Tucano 12 suka iso domin rage wa tsohon nan kaya.