Kujerar mulki daban, karɓuwa daban

Duk lokacin da labari ya zo cewa wata mace da ta bayyana kanta a matsayin 'yar maɗigo ta hau mulki a wata ƙasa, sai mu ji ɗalibai a zaurukan karatu na birnin Zazzau suna yanke hukunci cewa al'ummar can gaba ɗaya ta amince da abin. Hukuncin shari'a kan maɗigo sananne ne, haramun ne, ba shi muke tattaunawa ba. Fassarar labarin ce ke buƙatar natsuwa.

A dubi ƙasar Sabiya. Ana Brnabic ta zama firaminista a 2017, ta riƙe kujerar har 2024, kuma ba ta taɓa ɓoye halinta ba. Amma Shugaba Aleksandar Vucic ne ya gabatar da ita, majalisa ta tabbatar, a lokacin da ƙasar ke neman shiga Tarayyar Turai. Tsarin mulkinsu na 2006 ya ce aure tsakanin namiji da mace yake, kuma ta sauka ba a sauya shi ba. A 2019 abokiyar zamanta ta haifi ɗa, dokar ƙasar da take shugabanta ba ta ɗauke ta uwarsa ba. A Aislan kuwa lamarin daban ne: Johanna Sigurdardottir tana majalisa tun 1978, ta hau mulki a 2009 bayan bankunan ƙasar sun durƙushe, aka halatta auren jinsi a 2010. A can ra'ayin jama'a ya riga ya sauya kafin ta hau. Mutanen Shikago da suka zaɓi Lori Lightfoot a 2019 su ne suka kayar da ita a 2023, galibi saboda matsalar tsaro.

A Najeriya, dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, saboda haka wannan ba ita ce tambayar da ke gaban akwatin zaɓenmu ba. Abin da ya fi kusa da mu shi ne zargi. Mun ga yadda rahoton Daily Trust kan yarjejeniyar Samoa ya cika mumbarai a Yulin 2024, daga baya jaridar ta nemi afuwa. Afuwar ba ta kai inda huɗubobin suka kai ba.

Irin wannan gaggawa ita muke jiye wa mata masu neman muƙami. Kalma ɗaya a WhatsApp ta isa ta rusa takara da aure da mutuncin gida, alhali Suratul Hujurat ta umarci a tantance labari, ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nur kuma ta tsananta kan yi wa kamammun mata ƙazafi. Mata huɗu kacal ke cikin sanatoci 109, kuma tsoron ɓatanci na cikin abin da ke hana wasu fitowa.

Zariya ta san wannan makami tun zamanin NEPU, lokacin da ake jifan matan jam'iyyar da sunan karuwanci. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka kan neman a bai wa matan Arewa ƙuri'a, abin da bai tabbata ba sai 1976. Babban asibitin da ke Ƙofar Gayan, inda matan birni ke zuwa awo da haihuwa, sunanta yake ɗauke da shi.