Na'ura Ba Ta San "Ai An Gane" Ba

A hutun da ya wuce wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake karatun kimiyya a jami'a a Maradi, ya zo gaishe ni nan Gidan Rumji da kwamfutarsa a jaka. Bayan gaisuwa ya ce, "Mushe, bari in nuna maka wahalar da na sha." Ashe ya shiga cikin wasu masu aikin sa-kai daga ƙasashe daban-daban, waɗanda suke gina wata manhaja mai tace hayaniya daga muryar da aka naɗa. Ya rubuta gyara na ƴan layuka ya aika, aka maido masa har sau uku, alhali lissafinsa daidai yake. Da farko aka ce ya bar tazara biyu a farkon layi inda ƙa'idarsu ta ce huɗu. Na biyu, sunayen da ya laƙaba wa abubuwa rabi Faransanci ne rabi Ingilishi. Na uku, bai rubuta bayanin abin da gyaran yake yi ba. Ya haɗiye fushinsa ya gyara, aka karɓa a karo na huɗu. Yana ba ni labari yana murmushi kamar wanda ya ci jarrabawa.

Da dare ya aiko mini saƙo a waya: "Mouché na iso guida lahia, ina gaida koa da koa." Na daɗe ina kallon saƙon nan. Hannun da ya zauna yana ƙirga tazara huɗu don kada baƙi su raina aikinsa, shi ne ya rubuta harshen uwarsa kamar an zubar da tsaba a ƙasa. Ban ga laifin yaron ba. Ni na koyar da shi. Laifin namu ne, mu malamai, da ku iyaye da ba ku taɓa tambayarmu ba.

Bari mu fara da abin da ya sa mutanen can suke da tsanani. Akwai wata manhaja mai suna GNU Radio, wadda Eric Blossom ya fara a 2001, ana amfani da ita wajen sarrafa siginar rediyo a kwamfuta. Kyauta ce, kuma kowa yana iya kawo gudummawa, amma da sharaɗin ya bi tsarin rubutun da aka shimfiɗa. Harshen kwamfuta na Python, wanda yana cikin waɗanda ake aiki da su a manhajar, yana da takardar ƙa'ida da ake kira PEP 8, ita ma tun 2001: tazara huɗu a kowane mataki, layi kada ya wuce harafi 79, sunaye a rubuta su ta hanya guda. A Python tazarar nan tana cikin ma'ana, domin in ka gusar da layi ciki ko waje, umarnin ya canza ko aikin ya tsaya cak. Sauran ƙa'idojin kuwa don mutane aka yi su. Wanda ya rubuta layi yau a Jamus, wani ne zai gyara shi baɗi a Indiya, kuma ba za su taɓa haɗuwa ba. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya ne in an yarda da gishiri ɗaya. In kowa ya zo da nasa, miyar ba ta shayuwa.

Mu ma mun san wannan a kasuwa. Ranar da kowane mai hatsi ya zo da tiyar da ya ga dama, ciniki ya mutu, sai rigima. Ba wanda ya taɓa cewa tiya ɗaya zalunci ce ga manomi.

To, ƴan'uwana malamai, mu dubi kanmu. Wane ne a cikinmu bai taɓa zare maki a dikte ba saboda yaro ya manta ɗan karan da ake ɗora wa e, ko ya karkata shi hagu maimakon dama? Ni na yi, ba sau ɗaya ba, kuma da jan biro. A makarantar horar da malamai an gasa mu a kan waɗannan alamomi har muna mafarkinsu. Amma malamin da ba ya yafe aksan ɗaya na Faransanci, shi ne zai rubuta sanarwa ga iyaye da Hausa ya sa "kasa" a wurin "ƙasa", "baki" a wurin "baƙi", "kafa" a wurin "ƙafa", in ka yi magana ya ce, "Ai an gane." Na taɓa ganin takardar gayyata da aka rubuta cewa za a tarbi "manyan baki". Aka yi dariya aka wuce. Da a Faransanci aka yi kuskure mai girman wannan, da direkta bai sa hannu ba. Yara suna kallonmu, kuma darasin da suke ɗauka a fili yake: harshen da ake jan biro dominsa shi ne mai daraja, ɗayan kuwa na wasa ne.

Kada wani ya ce Hausa ba ta da ƙa'ida. Baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun shiga ɗab'i tun shekarun 1930, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939 ta yaɗa rubutun boko ko'ina. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita baƙaƙen harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1980 aka sake zama a Yamai kan rubutun Hausa. Nijar ta buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida tun 1973, aka fara da Hausa a Damagaram. A 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da dokar da ta tsayar da rubutun Hausa a ƙasar nan. A 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. An yi taro, an yi doka, an yi shela. Abin da ya rage shi ne allon aji da wayar hannu, kuma nan ne aikin ya tsaya, a hannunmu.

Matsalarmu a wannan gefen iyaka ninki biyu ce. Ƴan'uwanmu na Katsina da Kano yawanci ƙugiya suke yarwa, wasu su sa q a wurin ƙ. Mu kuwa mun ƙara da rubuta Hausa da hannun Faransa. Duk wanda ya biyo babbar hanya daga Yamai zai ga allo an rubuta Guidan Roumdji. Gaba da Maradi zai ga Tchadoua, Aguié, Gazaoua, Tessaoua. Bature ya rubuta su yadda kunnensa ya ji, don ɗan'uwansa Bature ya iya furtawa, kuma ya cim ma bukatarsa. Abin takaici shi ne ɗan garin ya ɗauki wannan ya mai da shi hanyar rubuta "tchikin guida" da "ina kouana". Gidan Rumji baƙaƙe goma ne a Hausa, goma sha uku a rubutun allon hanya. Ko don ragin wahalar yatsa ai namu ya fi.

Yanzu mu zo kan "ai an gane". Gaskiya ne, mutum yakan gane, domin yana da hankali kuma ya san zancen. Amma yau ba mutane kaɗai ke karanta abin da muke rubutawa ba. A wurin kwamfuta kowane harafi lamba ne. A tsarin Unicode da duk wayoyinmu suke bi, k lambarsa 107, ƙ kuwa 409. Ba su da dangantaka ko ta kakanni. Na'urar da ake koya wa jin magana ga yadda take aiki: makirfo ya ɗauki murya, a yanyanka ta zuwa lambobi, sau 8,000 a daƙiƙa ɗaya a layin tarho, sau 16,000 a yawancin ayyukan gane magana. Sai a ajiye waɗannan lambobi gefe guda, rubutun abin da aka faɗa a ɗaya gefen, a maimaita da jimloli dubbai har na'urar ta koyi wane sauti ke tafiya da wane harafi. In bakin mai magana ya ce "ƙara", rubutun ya ce "kara", wani ya rubuta "qara", wani "k'ara", me kake so ta koya? Za ta koyi rikicinmu, ta maido mana da shi.

Wannan ba zancen gobe ba ne. Google Translate ya sa Hausa tun 2013. Shirin Common Voice na Mozilla, wanda yake tara muryoyin masu sa-kai don koya wa na'ura harsuna, ya fitar da na Hausa a 2021. Su ma suna da ƙa'idojinsu: jimla ta kasance gajera, ba a sa alƙaluma, ba a taƙaita kalma, mai karatu ya faɗi abin da ke rubuce daidai, sannan sai wasu mutum biyu sun saurara sun amince kafin a karɓa. Wa zai amfana in abin ya yi kyau? Tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba amma tana riƙe da waya, manomin da ke son jin farashin wake, makahon da ke son a karanta masa saƙo. Wa zai cutu in ya lalace? Su ɗin dai. Mai Faransanci yana da wata ƙofar.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, don sun sha faɗa mini a inuwar makaranta: "Wannan ƙa'ida Hausar Kano ce. Mu da muke cewa tahi da shina da munka, so kake mu yar da harshen iyayenmu?" Wannan magana tana da nauyi, ba zan yi mata dariya ba. Ni ma haka nake magana a gidana, kuma ba na son ranar da jikana zai ji kunyar Gobiranci a ƙofar Sarkin Gobir a Tibiri. Amma mu rarrabe abu biyu. Ɗaya shi ne wace kalma ka zaɓa, ɗaya kuma da waɗanne baƙaƙe ka rubuta ta. In kana rubuta tatsuniyar kakarka, rubuta "munka tahi", ba wanda zai hana ka, sai dai ka rubuta shi da u, kada ka sa ou. Bagobiri da Bakano duk suna furta ƙ, duk suna furta ɗ. Ƙugiya ba ta da gari. Hasali ma rashin ƙa'ida ne zai kashe karin harshenmu a na'ura: in muryoyin Maradi ba su shiga da rubutu mai tsabta ba, na'urar za ta tashi ba ta san mu ba, ranar da tsohuwarmu ta yi mata magana ta ɗauke ta baƙuwa.

Na kuma yarda ƙa'idar ba cikakkiya ba ce. Ba ma nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke kama ɗaya a takarda. Nijar tana rubuta ƴ, Najeriya ta saba da 'y. Waɗannan abubuwa ne da masana za su ci gaba da tattaunawa. Amma don rufin ɗaki yana yoyo a kusurwa ɗaya, ba a kware sauran. Masu manhaja ma suna gardama kan ƙa'idojinsu, suna sauya su in an yi shawara. Abin da ba sa yarda da shi shi ne kowa ya bi son ransa kafin a sauya.

Saura masu cewa wayarsu ba ta da baƙaƙen. Shekara goma sha biyar da suka wuce wannan uzuri ne. Yau allon rubutu na Gboard yana da Hausa, kyauta, kuma sa shi bai kai tsawon lokacin shan shayi zagaye ɗaya ba. Wanda ya iya sauke bidiyon kokawa ya iya wannan.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba ya bukatar kuɗin ministan ilimi. Kowace makaranta ta rubuta ƙa'idojinta a shafi ɗaya ta manna a ofishin direkta: ƙugiya dole ce, u a wurin ou, c a wurin tch, j a wurin dj, gi a wurin gui, a raba "ba ta" da "ɓata", a raba "ta ƙi" da "taki". Duk sanarwar da za ta fita da Hausa, malami na biyu ya duba ta kafin a buga, kamar yadda aka duba aikin ɗalibina. A ba yara dikte na Hausa ko da jimla biyar ne a mako, a gyara shi da jan biron nan da muke gyara Faransanci. Malamin da bai iya ba kada ya ji kunya, yawancinmu ba a koya mana yadda ya kamata ba. Mu zauna mu koya wa juna. Ku kuma iyaye, in ɗanku ya aiko muku "sannou", ku amsa gaisuwar, sannan ku ce ya sake rubutawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗalibin nan nawa na maido masa da saƙonsa a daren, na ce ban karɓa ba, ya gyara. Ya aiko da alamar dariya, ya ce, "Mushe, kai ma ka zama irinsu?" Na ce na zama. Bayan minti biyu sai ga shi: "Mushe, na iso gida lahiya, ina gai da kowa da kowa." Lahiyarsa ta Gobir tana nan ba wanda ya taɓa ta. Na karɓa a karo na biyu, na gaya masa ya fi samun sauƙi a wurina.