Kansila ba zai sa ido a kan abin da bai gani ba

Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ba sai sun bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha ba, hankalin jama'a ya tafi kan kuɗin. Mu abin da ya dame mu shi ne wanda zai zauna a kansu, da kuma abin da ya sani.

A ƙaramar hukumar Boɗinga ko ta Shagari, sabon kansila yakan shigo sakatariya ne da sanin mazaɓarsa. Ya san rijiyar da ta ƙafe a Sifawa, ya san ajin da rufinsa ya yaye a Kajiji. Abin da bai sani ba shi ne nawa albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya ke lashewa kafin a kai ga rijiyar, da harajin da kasuwa da tashar mota ke kawowa, da aikin da aka riga aka biya ɗan kwangila ba a gama ba. Wannan sanin yana hannun ma'aji, da daraktan kula da ma'aikata, da shugabannin sassan ayyuka, gona da lafiya. Wasunsu sun ga shugabanni da kantomomi da yawa sun zo sun wuce.

Ta yaya sanin ke isa ga zaɓaɓɓu? Da baki, a ofishin ciyaman, ƙofa a rufe. Kansiloli kuwa sai a miƙa musu kundin kasafi da Turanci ana gobe za a amince da shi. Ba duk laifin ma'aikaci ba ne. Hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke ɗauke manyansu daga nan zuwa can, kuma wanda ya faɗi gaskiyar da ba a so ya san takardar canjin wurin aiki ba ta da nisa. Sai ya ce "ranka ya daɗe, komai na tafiya daidai", ya kama bakinsa.

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga haɗa zaɓe da sanin aiki. Alhaji Shehu Shagari malamin makaranta ne kafin ya zama minista, kuma bayan juyin mulkin 1966 gida ya dawo ya shiga aikin samar da makarantu a lardin Sakkwato.

Muna kira ga majalisun ƙananan hukumomin biyu su sa doka: kowane wata shugabannin sassa su zo gaban kansiloli su yi bayani da Hausa, a rubuta, a ajiye. Kasafi ya iso da fassararsa mako biyu kafin zama. Jami'in da aka canza wa wuri kada ya tafi sai ya bar takardar miƙa aiki, kwafi ɗaya a hannun akawun majalisa. Hukumar ma'aikata kuma ta daina motsa ma'aji a tsakiyar shekarar kasafi sai da dalili a rubuce.