Ra'ayinmu: A Ceci Tsofaffin Kaset Kafin Bidiyo Ta Ƙare A Kasuwa

Gidaje da yawa a Kaladan da sauran unguwannin Tamale suna da akwati ko kwali cike da kaset ɗin bidiyo: tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, hawan Damba, walimar aure, tarbar alhazai. Galibinsu kwafi ɗaya ne tak, in ya lalace shi ke nan.

Kamfanin JVC na Japan ne ya fito da tsarin VHS a 1976, kuma kamfani na ƙarshe da ke ƙera bidiyon, wato Funai, ya daina a 2016. Ke nan duk wadda aka gani yau a kasuwar Aboabo ko Bawku ko Paga gwanjo ce, kullum kuma raguwa suke yi. Shi kansa zaren kaset ba ya jure zafin bazara da ƙurar hunturu da fumfunar damina.

Saboda haka muna jan hankalin 'yan kasuwarmu na kan iyaka, masu saye da masu sayarwa, da su lura da abu uku.

Na farko, tsarin hoto. Ghana da Nijeriya PAL suka yi amfani da shi, Togo da Burkina Faso SECAM, Amurka kuwa NTSC. Kaset ɗin SECAM a bidiyon PAL yakan fito baƙi da fari. Bidiyon Amurka kuwa ba ta karanta namu, ga shi an yi ta don wuta mai ƙarfin 120, alhali tamu 230 ce, ana jona ta kai tsaye sai ta ƙone. Wadda aka rubuta Multi-System a goshinta ita ce ta dace da mutumin kan iyaka.

Na biyu, gwaji. Kada a fara da kaset mai daraja. A sa wanda ba a damu da shi ba, a kunna, a mai da shi baya, a fitar, a duba ko zaren ya tamuke. Robobin ciki su ke fara tsufa, kuma bidiyon da robarta ta saki tauna zare take yi.

Na uku, ramukan waya na baya, rawaya da fari da ja, su kasance lafiya, domin ta nan ake kwashe hoto da murya zuwa kwamfuta. Wannan shi ne ainihin amfaninta a yau. A ɓalle ɗan haƙorin da ke jikin kaset don kada a goge shi bisa kuskure, a kwafa, a ajiye a wuri biyu.

Ga masu sayarwa, muna tunatar da su cewa ɓoye aibin kaya ha'inci ne. Ribar 'yan sidi ba ta kai a tauna wa maraya muryar mahaifinsa ba. A bar mai saye ya gwada a gaban shago, in tana da ciwo a faɗa masa.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya sa mu dace.