Gyaran Matani Ma Tarihi Ne

A ƙaddara ɗalibi ya naɗo tatsuniyoyi a Getso ta ƙaramar hukumar Gwarzo da Garo ta ƙaramar hukumar Kabo, ya juye su a kwamfuta ba tare da baƙaƙe masu ƙugiya ba. Daga baya ya umarci manhaja ta mayar da kowace "kasa" zuwa "ƙasa", ya kuma sauya sunan fayil ɗin. Nan take macijiya kasa ta koma turɓaya, jimlar "ya kasa tashi" kuma ta rasa ma'ana. Idan ba a adana sawun wannan gyara ba, mai nazari na gaba zai ɗora wa mai ba da tatsuniyar kuskuren da ba nata ba.

Masu rubuta manhaja sun daɗe da samar wa wannan matsala magani, wato manhajojin adana tarihin sauyi. Sai dai ba hanya ɗaya suka bi ba. Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, ba ta rubuta cewa an sauya sunan fayil. Kwatanta tsohon da sabon take yi, idan kamanninsu ya kai kashi 50 cikin 100 ta ɗauke su abu guda. Mercurial tana rubuta sauyin suna kai tsaye. Darcs kuwa har musanya kalma da kalma tana iya adanawa a matsayin gyara mai cin gashin kansa.

Wannan bambanci ya shafi Hausa matuƙa. Gyaran ƙugiya yakan taɓa kusan kowane layi, saboda haka idan aka haɗa shi da sauyin suna a mataki guda, Git na iya ganin fayil biyu marasa alaƙa, salsalar matanin ta yanke. Haka ma idan aka mayar da 'y ta Nijeriya zuwa ƴ ta Nijar.

Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su gindaya ƙa'ida: sauyin suna daban, gyaran rubutu daban, kowanne da bayanin dalilinsa, juyin farko kuma a bar shi yadda yake. Malaman hadisi ba su yarda da matani sai da isnadi. Bai dace adabin baka na Gwarzo da Kabo ya isa hannun manazarta ba tare da nasa ba.