Shuɗin Furen Iris Da Zafin Gombe

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, sababbin gidaje suka yawaita, sha'awar furanni ma ta ƙaru. Mai gida kan ga hoton fure a wayarsa, ya ce lalle sai irinsa. To, akwai wani fure da ya kamata a yi tambaya kafin a kashe masa kuɗi, watau iris dogo mai gemu.

Ganyayen furensa shida ne, uku a tsaye, uku sun sunkuya, kowane na ƙasa da ɗan gashi kamar gemu. Cikin masu launin shuɗi akwai wanda ake kira Victoria Falls, wanda gidan Schreiner na Jihar Oregon ta Amurka ya fitar a 1977, har ya ci lambar Dykes a 1984. Tsayinsa ya kai kamar mita ɗaya. Sunan na Afirka ne, amma halin na ƙasashen sanyi ne.

Saiwarsa mai kauri ce kamar ta citta. Ba a binne ta can ƙasa, sai a bar gadon bayanta a fili rana tana dukansa. Yana bukatar rana ta sa'a shida a yini, da ƙasa wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Bayan shekara uku ko huɗu a kan tone a rarraba saiwar, gama in ta cunkushe fure yakan ragu.

Rana dai Gombe tana da ita. Abin da ta rasa shi ne sanyi mai tsanani na makonni, wanda shi ke sa tsiron ya ɗauki fure. Sanyin hunturu bai kai nan ba. Ga zafin Maris da Afrilu mai kai digiri 40, ga kuma ruwan Agusta mai ruɓar da saiwa. Wanda ya dasa shi yakan tashi da ganye kawai, bayan ya yi ta sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Baƙo raɓa ne.

Amma fa iris yana da ɗan'uwa a dajin ƙasar Hausa, watau rumana, wadda Turawa ke kira giladiyolas. Danginsu ɗaya. Takan yi fure ja ko ruwan ɗorawa da damina, ƙwayarta ta yi barci da rani ba ta neman ruwa. Da irinta ne masu lambu na Turai suka yi aure a ƙarni na 19, suka sami waɗanda ake sayarwa yau.

Saboda haka mai son ƙawata gida ya fara da na gida. In yana neman shawara, ga Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya nan a Dadin Kowa. Tambaya ba ta ɓata hanya. Allah Ya ba da sa'a.